Iskar Babbar Mota da Amalanken da Kake Ja

Lacca ga direbobi, masu walda da ƴan kasuwar Madawa, Buza da Keita



 

Maganata ta yau a kan wani abu ce da kowane direba a nan ya taɓa ji a tafin hannunsa. Kana tafe a kan kwalta tsakanin Galmi da Madawa, ka ɗaura amalanken ƙarfe a bayan motarka, ko injin casa, ko tankin ruwa, ko janareta mai taya. Sai tirela ta taso daga baya. Tun kanta bai kawo daidai ƙofarka ba, sai ka ji sitiyari ya yi sako-sako, mota ta karkata dama, ta dawo hagu, ka duba madubi ka ga abin da kake ja yana rawa. Galibi rawar takan lafa, ka yi hamdala ka ci gaba. Wata rana kuma sai ta ƙi lafawa. A iske mota kwance a gefen hanya, buhuna warwatse, shi kuwa direban tirela ya doshi Gidan Rumji bai ma san an yi ba, domin ko fentin motarsa bai gogu ba. Jama'a su taru, wannan ya ce taya ce, wancan ya ce barci ne, wani ya ce dama wurin ba shi da kyau.

Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Sai dai Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sababin wannan hatsari ana iya auna shi da mita da sikeli. Abin da nake son ku tashi da shi ke nan: iskar babbar mota tana bugun duk wanda ta wuce, amma wanda take kayarwa, an riga an shirya faɗuwarsa tun a wurin lodi, ko ma tun a rumfar mai walda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu fara da hanyar kanta. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, ta ratsa Madawa ta nufi Maraɗi da Damagaram har Difa, ta ƙofarmu ta bi, kuma nauyin ƙasar nan mai yawa a kanta yake tafiya. Ga simintin Malbaza. Ga tankokin mai daga matatar SORAZ ta Damagaram, tun da aka buɗe ta a 2011. Ga dogayen motocin fasinja masu sammako. Ga kuma namu na kanmu, albasar Galmi da ta kwarin Tarka, da ake lodi zuwa Kumasi, Akara, Abijan da Lome. Su kuma hanyoyin da ke gangarowa daga Buza, Karofan, Keita da Tamaske, ƙananan motoci da taraktoci suke zubowa cikin waɗannan manya.

Dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta iyakance faɗin babbar mota a mita 2.55, tsayinta a mita 4, tsawon tirela kuma a mita 16.5. Galibin kwaltarmu faɗinta mita 6 zuwa 7 ne. Ku yi lissafin tare da ni. Idan kwalta mita 7 ce, kowane hannu ya sami mita 3.5. Tirela ta bi tsakiyar hannunta, kai ma da amalanke mai faɗin mita 2 ka bi tsakiyar naka, abin da zai raba ku kamar mita 1.2 ne kawai. Idan kwaltar mita 6 ce, ratar ta koma kamar santimita 70. To ina ga inda ruwa ya cinye bakin kwalta, kowa na gudun rami yana matsowa tsakiya, buhunan albasa kuma sun leƙo waje da bodi? A cikin wannan ɗan tsukin ne duk abin da zan faɗa yake faruwa.

Iska tana da nauyi, ko da yake ba ma jin sa. Akwati mai mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi, mita 1 a tsayi, iskar da ke cikinsa ta ɗan haura kilo 1. Fuskar tirela, mita 2.55 sau mita 4, ta kai murabba'in mita 10. Idan tana gudun kilomita 90 a awa, tana cin mita 25 ke nan a kowane sakan. Wato a kowane sakan sai ta kawar da irin wancan akwati 250 daga gabanta, kusan kilo 290 na iska, buhun gero 3 saura kaɗan. Wannan iskar dole ta sami inda za ta je. Wata ta haye sama, wata ta shige ƙarƙashi, sauran ta fantsama hagu da dama. Wadda ta fantsama dama, kai take samu.

Ƙarfin bugunta kuma ba ya hawa daidai da gudu, ninkin gudu sau kansa yake bi. Motar da ta tashi daga kilomita 60 zuwa 90, ƙarfin iskarta ya ninka sau 2 da kwata. Idan ta kai 120, ya ninka sau 4. Shi ya sa dogayen motocin fasinja, duk da ba su kai motar siminti nauyi ba, sukan fi ta girgiza wanda suka wuce. Iska ba ruwanta da tan nawa aka ɗauko, faɗin fuska da gudu kawai ta sani.

Yanzu mu bi abin daki-daki, domin a nan zancen yake. A dama muke tuƙi, saboda haka tirela ta hagunka za ta wuce. A gaban kanta akwai tarin iskar da ta matse, tana tura ta. Wannan turin shi ne zai fara isa bayan amalankenka, ya tura shi dama, wajen bakin kwalta. Amalanke a kan tayoyinsa yake juyawa, don haka da gindinsa ya yi dama, wuyansa sai ya yi hagu. Wuyan yana ɗaure a bayan motarka, sai ya ja bayan motar hagu, hancinta ya kalli dama. Wannan shi ne motsi na farko, wanda kake ji tun ba ka ga tirelar a gefenka ba. Bayan sakan ɗaya ko ƙasa da haka, kan tirela ya wuce tayoyin amalanke, turin ya koma kan gabansa. Komai sai ya juye: wuya ya yi dama, bayan motarka ya bi shi, hancinta ya kalli hagu, ya kalli tirela.

A daidai wannan lokaci wani ƙarfi na biyu yake shigowa. Iskar da ta shiga tsukin da ke tsakanin bodin tirela da gefen amalanke tana ƙara sauri, kuma duk inda iska ta ƙara sauri matsinta raguwa yake. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Daniel Bernoulli, shi ya bayyana wannan ka'ida a littafinsa na 1738. Matsi ya ragu a hagunka, na damanka yana nan yadda yake, sai na daman ya tura ka wajen tirela. Direbobi kan ce mota ta zuƙe su, kuma sun yi gaskiya, haka abin yake a hannu. Daga nan turin kai ya iso ga motarka ita kanta ya ture ta dama, zuƙar bodi ta biyo ta mayar da ita hagu, a ƙarshe guguwar da ke bin bayan tirela ta yi ta marinka ta ko'ina har ta yi nisa.

Kada wani ya raina wannan zuƙa. Ranar 20 ga Satumba 1911, a mashigin ruwa na Solent da ke kudancin Ingila, katafaren jirgin fasinja Olympic, ɗan uwan Titanic, yana tafe gefe da gefe da jirgin yaƙi mai suna Hawke, wanda Olympic ya ninka shi girma sau da yawa. Sai hancin ƙaramin ya karkata ya soki babban a kwiɓi. Da aka je shari'a an kawo hujjar cewa ruwan da ke gudu a tsakaninsu ne ya ja ƙaramin, an kuma gwada abin da ƙananan jirage a cikin tafkin gwaji. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba, amma ka'idar ɗaya ce.

Ku lura da lokaci. Idan kana kan 70 tirela tana kan 90, bambancinku kilomita 20 ne a awa, kamar mita 5 da rabi a sakan. Tsawonta mita 16.5, naka kai da amalanke a ce mita 10. Kafin ta rabu da kai sai an yi kusan sakan 5. A cikin sakan 5 ɗin nan an tura ka dama, hagu, dama, hagu. Shi kuma amalanke yana da nasa lokacin lilo, yakan je ya dawo cikin sakan 1 zuwa 2. Idan turin iska ya zo daidai da wannan lilo, kowane bugu sai ya ƙara wa na baya ƙarfi. Wannan ne ya sa babbar motar da ta wuce ka daga baya ta fi hatsari ga mai jan amalanke a kan wadda kuka gifta juna. Mai zuwa daga gaba marinta ya fi zafi, yana yaga tamfol, yana watsa tsakuwa, yana iya kayar da mai babur, amma bai kai sakan 1 ba ya wuce, amalanke bai sami sararin kama rawa ba.

Akwai abin da ya keɓanta da ƙasarmu ta Adar da Gobir, kuma mutanen Buza sun fi kowa saninsa. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da talakawan kwarin, layi biyu-biyu, tsakanin kowane shinge da na gaba mita 100, har suka kai ɗaruruwan kilomitoci. A Keita ma aikin raya karkara da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO ya dasa miliyoyin itatuwa, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan wahalarsa. Duk manomin da gonarsa ke bayan shinge ya san iska takan kwanta a can har nisan da ya ninka tsayin itacen wajen sau 10, ya kuma san yadda take fitowa da ƙarfi ta inda shinge ya yi giɓi. To tirela mai tsayin mita 4 da tsawon mita 16 shinge ce mai tafiya.

Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya bar Madawa zai je Maraɗi, kudu maso gabas ya dosa, iskar tana dukansa a hagu sosai. Haka wanda ya taso daga Keita zai je Buza. Ba tare da ya sani ba, ya ɗan riƙe sitiyari hagu yana tare ta. Babbar mota kuwa, ko ta gaba ko ta baya, ta hagun nan take bi. Da ta shiga tsakaninsa da iska sai iskar ta ɗauke ɗif, hannunsa kuma yana nan a karkace, sai mota ta nufi tirela. Kafin ya gyara, tirela ta wuce, iska ta dawo gaba ɗaya, ta haɗo masa da guguwar bayan motar da ƙurarta. Wanda ya nufi yamma a ranar bai ga komai ba, domin iskar na kwashe guguwar tana kai ta ɗaya gefen. Hanya ɗaya, rana ɗaya, mai zuwa Maraɗi da mai dawowa ba wahala ɗaya suka sha ba. Da damina iska takan juyo daga kudu maso yamma, lissafin ya juye, ban da iskar hadari da ke tasowa daga gabas, wadda ita maganinta kawai a sauka daga kwalta a tsaya.

Nawa ne ƙarfin wannan iska ta gefe? Amalanke mai tsawon mita 4 da aka yi wa lodi har tsayin mita 2, gefensa murabba'in mita 8 ne. Iska mai gudun kilomita 50 a awa tana tura shi da ƙarfin da ya kai kamar kilo 90. Rage tsayin lodin zuwa mita 1, ƙarfin ya koma rabi. Mafi muni shi ne kaya mai girma marar nauyi: kara, harawa, tabarmin kaba, katifu, jarkokin da ba komai ciki. Fuska ga iska babba, nauyin da zai danne taya a ƙasa kuwa babu.

Wani zai ce, ai tirela ma amalanke take ja, me ya sa ita ba ta wannan rawa? Ku duba inda aka ɗaura ta. Bodin tirela a kan faranti yake zaune, farantin kuma yana bisa tayoyin baya na kan motar. Duk turin da bodi ya yi, kai tsaye cikin taya yake sauka, ba ya juya kan. Ƙaramar mota kuwa ƙugiyarta tana can bayan tayoyin baya, da mita 1 ko fiye. Wannan ratar ita ce ke ba amalanke damar murɗa motar da ke jansa. Gwargwadon nisan ƙugiya daga taya, gwargwadon ikon amalanke a kanka. Don haka masu ƙara wa akori-kura tsawon bodi sannan su liƙa ƙugiya a can ƙarshe, su san abin da suke ƙerawa.

Kowace mota da amalankenta suna da wani gudu na iyaka. Ƙasa da shi, ko an bugi amalanke, rawar takan mutu da kanta. Sama da shi, kowane lilo ya fi na baya faɗi, har mota ta juya. Ba a rubuta wannan gudu a jikin kowace mota ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya, lodi ne ke ɗaga shi ko ya sauke shi. A Jami'ar Bath ta Ingila an yi shekaru ana gwaji a kan amalanken da Turawa ke ja zuwa yawon hutu, ana sauya wurin nauyi ana aunawa. Abubuwan da suka fi tasiri su ne nauyin da ke kan ƙugiya, da wurin da aka sa tayoyi, da yadda aka baza kaya tsakanin tsakiya da ƙarshen amalanke.

Na ukun nan ne mutane ba su cika lura da shi ba. Ku dubi ɗan ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa, garwa a kowane ƙarshe. Nauyin ya daidaita, ba ta rinjaye shi gaba ko baya ba. Amma idan ya juya da sauri, garewanin sai su ci gaba da juyawa bayan shi ya so tsayawa, su ja shi. Da zai rungume su a ƙirji, da ya juya yadda ya so. Amalanken da aka tara wa nauyi a can gaba da can baya, aka bar tsakiya da kaya marar nauyi, zai zauna daram a tasha, a kan hanya kuwa da ya fara juyawa ba ya tsayawa. Kaya mai nauyi a ƙasa ake sa shi, a kan tayoyi, a ɗan gusa shi gaba kaɗan, a ɗaure shi yadda ba zai motsa ba.

Na san dalilin da ke sa yaran mota tura buhuna baya. Suna ganin bayan mota ya zauna, sai su ce bari a sauƙaƙa mata. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne mugu. Amalanken da mutum ɗaya zai ɗaga wuyansa da hannu ɗaya bayan an gama lodi, ko wanda wuyan ke neman tashi sama da kansa, bai kamata ya hau kwalta ba. A Ingila ana ba da shawarar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin amalanke ya sauka a kan ƙugiya, a Amurka kashi 10 zuwa 15. Mu ɗauki kashi 7 zuwa 10. Amalanken da shi da kayansa suka kai kilo 750, wuyansa ya danna kilo 50 zuwa 75, matuƙar ƙugiyar da motar za su iya ɗauka. Auna shi ba wuya. Sikelin da ake auna hatsi ya isa: a ɗora guntun katako a kansa, tsayinsa daidai da tsayin ƙugiya, a sauke wuyan a kai, a karanta.

Tankin ruwa da aka cika rabi ya fi cikakke hatsari, domin ruwan na gudu gefe zuwa gefe yana ƙara wa rawa ƙarfi. A cika shi, ko a tafi da shi wayam, ko mai walda ya sa masa shamaki a ciki. Ragunan layya da shanu ma haka suke, nauyi ne mai ƙafa, sai an raba su da katanga. Taya kuma, wadda ba ta da isasshiyar iska gefenta lanƙwashewa yake, amalanke ya riƙa zamewa a kanta. Tayar hagu daban ta dama daban, wannan ma neman rawa ne.

Ƴan uwana masu walda, rabin maganin nan a hannunku yake, kuma ina faɗin haka ne don na san ƙwarewarku. Yawancin amalanken da ke yawo a garuruwanmu ku kuka ƙera su, da sandar tayoyin tsohuwar mota da ƙarfen kwana. Sandar tayoyin nan kada ta zauna a tsakiyar akwati cif, a mayar da ita baya kaɗan, yadda kamar kashi 60 cikin 100 na akwatin zai kasance a gabanta. Wuya a ba shi tsawo, domin amalanke mai gajeren wuya shi ya fi saurin rawa, mai dogo lilonsa a hankali yake. Ƙugiya ta kama ƙam. Ramin da ya faɗaɗa aka zura masa guntun rodi aka lanƙwasa, wannan wasan da yake yi shi ne mafarin rawa. A sa sarƙa biyu ta tsaro, a gicciya su ƙarƙashin wuya, don ko ƙugiya ta tsinke wuyan ya faɗa kansu. A Turai duk amalanken da ya wuce kilo 750 dole ya zama da birkinsa. Mu a nan ana ɗora wa wanda ba shi da birki tan 2, a ba ƙaramar mota ta ja, a kuma gangaro da shi daga tudun Adar zuwa kwari. A gangara amalanke turo mota yake, rawa kuma ta fi saurin kamawa idan ana turo ka a kan idan kai ke ja. Tun kafin gangara ake rage gudu a sa babbar giya.

Batun gudu gajere ne. A Jamus mai jan amalanke kilomita 80 aka yanka masa, sai wanda aka duba motarsa aka ba shi izinin 100. A Ingila mil 50 ne a hanya mai hannu biyu irin tamu, wato kilomita 80. Wannan fa da amalanken masana'anta mai birki, a kan kwalta mai laushi. Na gida marar birki, da lodi mai tsayi, a kan kwaltarmu, ni a ganina 60 ta ishe shi.

To idan ka hango tirela a madubi fa? Tun tana nesa ka ɗan sassauta totur, ka matsa dama gwargwadon yadda bakin kwalta ya ba ka, ba tare da tayar amalanke ta faɗa ƙasa ba, domin faɗawar da hawowar sun fi iskar muni. Kowane taku ɗaya da ka ƙara a ratar yana rage bugun sosai. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Idan rawa ta kama, hannunka zai so ya bi ta yana gyarawa, ƙafarka za ta so birki. Ka hana su duka biyun. Ɗan Adam ba ya da saurin da zai riga lilon amalanke, gyaransa kullum a makare yake zuwa, sai ya zama shi ke ƙara wa rawar ƙarfi. Birki mai ƙarfi kuma yana sa amalanke ya turo bayan mota gefe, su naɗe. Ka miƙe sitiyari, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, gudu ya sauka da kansa. Akwai maganar da ke yawo a tasha cewa a ƙara wuta mota ta miƙar da amalanke. Ina roƙonku ku bar ta. Gudu ne ya kai ka bakin iyaka, ƙarinsa tsallakar da kai zai yi, kuma motar da ke jan lodi ba ta da ƙarfin fizgar da ake zato. Bayan ta lafa, ka sami wuri ka tsaya ka sake lodi. Amalanken da ya yi rawa sau ɗaya zai sake a gaban tirela ta gaba.

Tarakta ba ta gudun da zai kai ta ga wannan rawa, nata hatsarin daban ne. Ranar kasuwa za ka ga amalankenta cike da buhuna, mata da yara zaune a can bisa, ba abin riƙewa. Iskar da ba za ta motsa tarakta ba tana iya ture yaro. Haka mai babur da ya ɗauko buhu a gicciye, da mai amalanken jaki da dabbarsa ke firgita, da mai tafiya a ƙasa ɗauke da dami a ka.

Iyayen gidana direbobin manyan motoci, ku ne ba ku jin komai idan abin nan na faruwa, shi ya sa nake son ku fi kowa saninsa. Motarku ta ninka ta mai jan amalanke nauyi sau 20 ko fiye, iskar da ta girgiza shi ko a sitiyarinku ba za ta nuna ba. Abu biyu ne a hannunku, rata da gudu. Idan za ku wuce mai jan amalanke, ku yi masa oda tun daga nesa don ya shirya, ku jira inda hanya ta buɗe, ku fita hannun hagu gaba ɗaya, kada ku wuce shi kuna shafar layi. Kada ku wuce shi a gangara, ko a kan gada, ko inda bakin kwalta ya karye. Idan kun wuce, ku ba shi tazara kafin ku dawo dama, saboda guguwar bayanku ta fi tsawon motarku. Tamfol a ɗaure shi tamau, wanda ke kaɗawa ƙara hargitsa iska yake. Lodin da ya haura mita 4 ko ya leƙo gefe ya ƙara faɗin fuska, ya kuma cinye ratar da ɗan uwanku yake buƙata.

Ga hukuma kuma ina da roƙo. Gyaran bakin kwalta aikin ceton rai ne, domin shi ne ke ba ƙaramin wurin matsawa. Hukumar kiyaye hatsari ta ANISER da makarantun koyon tuƙi su sa jan amalanke cikin abin da ake koyarwa, tunda yawancin masu ja a tasha suka koya, daga wanda shi ma a tasha ya koya. Sandika kuma tana iya yin nata ba tare da jiran kowa ba: sikeli ɗaya da guntun katako a kowace tasha da kowace kasuwar albasa, daga Sabon Gida zuwa Tamaske, a auna wuya kafin a tashi. Masu walda su riƙa rubuta wa kowane amalanke nauyinsa da iyakar abin da zai ɗauka a jikin wuyansa, su ja layin fenti a cikin akwati daidai kan tayoyi, yadda yaron mota ko bai yi boko ba zai san inda buhun farko zai zauna.

Shugaban taro, a nan zan dakata a ba masu tambaya dama. Ina so a fara da direbobin da ke bin Madawa zuwa Maraɗi da hunturu, su gaya mana wuraren da iska ta fi dukan mota, a rubuta su, a miƙa wa masu kafa alamun hanya.